Babba Goma, Ƙarama Uku

Labarin irin gyaɗa na shekarar fari kun sha jin sa, kowa da yadda aka ba shi. A bakin mutanen unguwarmu, wata 'yar makaranta ce ta dawo hutu daga birni, ta ɗauki fensir ta raba gardamar da ta gagari magidanta biyu. Ban taɓa ƙaryata su ba, don ba ƙarya suka yi ba, rabin magana suka riƙe. Yayarku ta daɗe tana damuna in faɗi ɗaya rabin, ina ce mata ta bari, wani jiƙon sai ya kwana. To yanzu ido ya fara gajiya, hannu ma rawa yake in na daɗe riƙe da biro, kuma duk waɗanda suka zauna a tabarmar ranar sun riga mu gidan gaskiya, saura ni da ita. Bari in ajiye muku shi yadda ya faru.

Lokacin muna gidanmu na kusa da Toranke, gida ɗaya, rumbu ɗaya, gona ɗaya. Babanku ne babba, sai ƙanensa Sule, wanda kuka taso kuna kira Baffa Sule, da matarsa Asabe, da yaranmu da nasu. A kan kowa kuma akwai uwarsu, Iya. Maza ke noma, su ke kai gyaɗa sikeli, amma iri ba huruminsu ba ne. Iri na Iya ne tun mijinta yana raye. Tana da ƙore biyu da ta zo da su gidan tun tana amarya, babba da ƙarama. Babbar ta sha ɗinki har wuri uku, ta yi baƙi tana sheƙi saboda hannu. Ba a dama fura a cikinsu, ba a ɗebo ruwa da su, awo kawai. Duk shekara in bazara ta yi, hadari ya fara leƙowa daga gabas, sai mu mata mu ɓare gyaɗar iri, Iya ta miƙe ƙafa ta auna, tana shafe bakin ƙwarya da gefen hannunta, tana faɗa kamar mai waƙa: babba goma, ƙarama uku, gonar tsamiya ta ƙoshi. Abin da ya ragu bayan wannan shi ne na mai da ƙuli-ƙuli da kasuwa. Babu yaron da bai haddace maganar nan ba a gidan. Amma ko sau ɗaya ba wanda ya taɓa tambaya, babbar nan mudu nawa take ci, ƙaramar fa? Me za a tambaya, ga Iya, ga ƙorenta.

Ni daga Balan aka kawo ni, ko baƙi ɗaya na boko ban sani ba. Ina da 'ya'ya biyu aka buɗe ajin yaƙi da jahilci na mata a cikin gidan mai unguwa, wata malama tana zuwa daga Gaya sau biyu a mako. Babanku ya bar ni na shiga, Allah ya kai haske kabarinsa, duk da wasu sun hana matansu. Malamar ta ce mana rubutu kamar kitso ne, hannun da ya huta sai ya manta, saboda haka kullum mu rubuta layi ɗaya na abin da idonmu ya gani a gida, ko da akuya ce ta haihu. To ni me idona ke gani in ban da gyaɗa? Iya ta auna mini da ƙorenta, ni in soya in matse mai. Kaskona mudu ɗaya yake ɗauka, in ka ƙara ta ƙasa ta ƙone ta sama tana ɗanya, don haka kullum sai na cika mudunmu na ƙarfe sannan in juye. Kasko ɗaya, mudu ɗaya. Iya ta mai da littafina abin tsokana. In ta gama awo sai ta karkace kai ta ce,

“To, Malama, ɗauko alƙalami. Rubuta wa gwamna cewa tsohuwa ta auna babba biyu, ƙarama uku. Wataƙila ya aiko mini da goro.”

Sai in yi dariya in rubuta, in ƙara da yawan kaskon da na soya don layin ya kai ƙarshe. Ajin ya yi shekara biyu ya watse, littafin ya koma ƙasan adaka, ƙarƙashin zannuwa.

Sai kun san yadda nake da yayarku a lokacin kafin ku gane sauran. 'Yar fari ce. Ana yaye ta Iya ta ɗauke ta, a ɗakinta ta tashi, shi ya sa kowa Ta-Iya yake ce mata. Ni ban kiran sunanta, har yau ban kira ba, kun sani. Ban zaunar da ita kusa da ni, ban yaba mata a gaban mutane, in ta faɗi ta fasa gwiwa sai in kau da kai in bar wa kakarta. Alkunya ce, haka muka tarar, ba rashin so ba. Da aka zo ɗibar yara mata zuwa makarantar kwana a birni sunanta ya fito, mata suka cika gidan da jaje kamar an yi rasuwa. Iya ce ta kore su, ta ce yarinyarta ta tafi ta koyo abin da za ta riƙa karanta mata wasiƙar gwamna. Ni ina bakin murhu ina jin su, raina ya yi fari.

Tana aji biyu na sakandare fari ya zo. Ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba, ya tsaya a gona ya ƙone. Gyaɗa ta ɗan yi, rabinta ƙwanso babu ƙwaya. Da kaka ta zo babu wanda ya yi maganar sikeli. Iya ta ware wadda ta fi kyau ta ɗinke a buhu ta ce ba mai taɓawa. Cikin sanyin shekarar ta kwanta, kwana shida, Allah ya karɓi abarsa. A nan muka yi kuskuren da sai daga baya muka gane. Ran sadakar uku gida ya cika, wata baƙuwa da ba ta san ƙwaryar ba ta ɗauki babbar ta tafi rijiya, ta zame, ƙwarya ta tarwatse. Aka ce ai ƙwarya ce, Allah ya tsare gaba, aka share sakainun. Ƙaramar kuma da aka zo rabon kayan mamaciya aka haɗa wa ƙanwar Iya da ke aure can gabas, tafiyar kwana da kwanaki, ta tafi da ita. Mu duka muna wurin. Kayan tsohuwa muka gani, ba mu ga ma'aunin gona ba.

Da bazara ta kama, rumbu ya kusa nuna gindinsa. Tuwo ya koma sau ɗaya a rana, sauran a cika da tafasa da rama da zogale. Ni da Asabe muka ɓare gyaɗar Iya, muka tsince, muka auna, ta ba mu mudu tamanin cif. Nan magana ta tashi. Baffa Sule ya ce a ware na gona, sauran a kai kasuwar Ajingi a musanyo dawa tun yara suna iya tsayuwa. Babanku ya yarda. Aka ce to nawa ne na gona? Kowa ya amsa, babba goma, ƙarama uku. Aka ce to mudu nawa ke nan? Baffa Sule ya buɗe hannuwansa ya ce babbar ba ta wuce mudu uku ba, ƙaramar ɗaya, shi da ya sha ɗauko wa Iya su. A lissafinsa talatin da uku sun ishi gona. Babanku ya buɗe nasa hannuwan, ya ce babbar ta kai bakwai, ƙaramar uku, a nasa lissafin ba abin da zai fita daga gidan sai mudu guda. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Yunwa ce ta rage ƙwaryar a idon ɗaya, tsoro ya ƙara ta a idon ɗaya. Baffa Sule yana da yara ƙanana uku da ke kwana suna kuka. Babanku kuma yana ganin in aka shuka rabin gona bana, baɗi ma yunwar ce, kuma babu wanda zai ba ka aron iri a shekarar da kowa ke cin nasa. Kwana huɗu suna abu ɗaya. A na biyar na ji Baffa Sule ya ce, murya ƙasa-ƙasa,

“Yaya, in haka ne a raba. Ka ɗauki naka ka binne, in ɗauki nawa in ciyar da 'ya'yana.”

Ba a taɓa faɗar kalmar raba a gidan ba. Babanku ya ce a bari sai bayan Juma'a.

A makon ne yayarku ta dawo hutu. Ba ta samu jana'izar Iya ba, sai ta shiga ɗakin tsohuwar ta zauna, ba ta fita sai salla. Ta rame, ba ta magana. Ni kuma ba ni da hanyar lallashinta, ban saba ba. Ni ma kewar Iya ta dame ni, ga gida yana neman tsagewa, na rasa wanda zan gaya wa. Rannan da hantsi na buɗe adaka na ciro tsohon littafina, ba don komai ba sai don in ji muryarta a cikin layukan nan. Ina buɗawa ina murmushi, akuya ta haihu, an yi wa Asabe kitso, sai idona ya faɗa kan wannan: Litinin, Iya ta auna babba 2 ƙarama 3, na soya kasko 16. Na wuce shafi kaɗan, ga wani: Alhamis, Iya ta auna babba 4 ƙarama 1, na soya kasko 22. Na ji a jikina ƙoren nan suna cikin takardar, amma ban san ta inda zan ciro su ba.

Lissafin da aka koya mana bai wuce tarawa da ɗebewa da ɗan rabawa ba. Na fara da canke. In ce babba shida ce, sai in nemi ƙaramar da za ta cika goma sha shida, ta ƙi fita daidai. In ce biyu ce, ƙarama huɗu, Litinin ta yarda, amma ina aka taɓa ganin ƙarama ta fi babba, kuma Alhamis ta ƙi. Abin da ya gamsar da wannan rana sai waccan ta tofar. Kaina ya ɗau zafi, lambobin suna tsere mini, sai na ajiye fensir na koma abin da hannuna ya sani. Goruba muke ci sosai a shekarar, ƙwallayenta ko'ina a tsakar gida. Na tsinto su na ce ku ne babba. Na ɗebo 'ya'yan tsamiya na ce ku ne ƙarama. Tsakuwa kuma ta zama kasko. Na shimfiɗa faifai biyu a inuwar rumbu. A na Litinin goruba biyu, tsamiya uku, tsakuwa goma sha shida. A na Alhamis goruba huɗu, tsamiya ɗaya, tsakuwa ashirin da biyu. Na wuni ina kallonsu tsakanin daka da tankaɗe. Asabe ta wuce ta ce ko na fara duba ne, in duba mata yaushe za a yi ruwa.

Washegari ina tuƙa ɗan tuwon da ya samu, abin ya zo mini. Da, in baƙi suka sauka, ninka gari muke yi, mu ninka ruwa, tuwo ya yi yawa amma halinsa bai canza ba. Na ce a raina, da a ce ran Litinin ɗin nan Iya ta yi awon sau biyu fa? Da goruba ta zama huɗu, tsamiya shida, tsakuwa talatin da biyu, kuma ba a yi wa kowa ƙarya ba. Na sauke tukunya na je na ninka faifan Litinin. Sai ga goruba huɗu a nan, goruba huɗu a can. To in mata biyu suka ɗauko kaya iri ɗaya, ɗaya ta ɗora wani abu a kai, in kana son sanin nauyin abin da ta ɗora ai sai ka sauke abin da suka yi tarayya a kansa. Duk abin da ke faifan Alhamis na cire kamarsa daga na Litinin: goruba huɗu, tsamiya ɗaya, tsakuwa ashirin da biyu. Abin da ya ragu, tsamiya biyar da tsakuwa goma. Na raba musu, kowace ta samu biyu. Ƙarama mudu biyu. Na koma faifan Alhamis, na ba tsamiyarsa tsakuwarta biyu, saura ashirin, goruba huɗu suka raba biyar-biyar. Babba mudu biyar. Na mai da Litinin yadda take na gwada, babba biyu goma, ƙarama uku shida, goma sha shida. Ta yarda. Alhamis ma ta yarda.

Ban san yayarku tana tsaye a bayana ba sai da na ga inuwarta a kan faifan. Ta ce, Inna, sake yi. Na sake. Da na zo wurin ninkawa ta durƙusa ta riƙe gefen faifan, ta tambaye ni don me na ninka har da tsakuwar. Na ce mata in Iya ta auna sau biyu ai ni ma sau biyu zan soya. Ta tashi ta shiga ɗaki ta fito da littafinta na makaranta, ta buɗe mini wani shafi da jan biro ya yi wa kaca-kaca. Ta ce wannan darasin aljabara ne, shi ya kayar da ita a zangon da ya wuce, har ta fara tunanin ba za ta koma ba. Malaminsu yana sauri, da Turanci, yana cewa a ninka wannan layi a ɗebe wancan, ita tana kwafa kamar mai bin limami ba ta san surar ba. Na duba, na ga wasu haruffa biyu suna ta maimaituwa, ɗaya kamar an gicciye tsinke biyu, ɗaya kamar gwafa. Na tambaye ta su waye waɗannan. Ta dube ni, karon farko da na ga haƙoranta tun da ta dawo.

“Inna, goruba ce da tsamiya.”

Ta zauna a gefena, kafaɗarta tana taɓa tawa, ta rubuta ranakun Iya biyu da haruffanta, ta bi hanyar malaminsu. Biyar da biyu suka fito mata. Ta buga babba goma da ƙarama uku, hamsin da shida. Ni ma na jera tsakuwata, hamsin da shida. Daga nan ta buɗe tambayoyin da ta faɗi ta shiga yin su ɗaya bayan ɗaya a ƙasa da tsinke, tana cewa wannan Litinin ce, wannan Alhamis. Tun da na haife ta ba mu taɓa zama haka ba. Tuwon ranar ya huce a tukunya.

Saura yadda za a gaya wa maza. Hamsin da shida ba ta yi wa kowa daɗi ba. Ta ce wa babanku ya yi kuskure, ta ce wa Baffa Sule ya yi kuskure mafi girma, kuma ta hana yaransa mudu ashirin da uku da ya riga ya sa wa rai. In daga bakina ta fito, Asabe za ta ce matar wa ta tsaya wa mijinta, babanku kuma zai ji nauyin matarsa ta gyara masa magana a gaban ƙanensa. Amma in daga bakin Ta-Iya ta fito, yarinyar da tsohuwar ta raina, 'yar kowa ce a gidan. Na ce mata ita za ta faɗa. Ta ce ai ba ita ta gano ba. Na ce ban tambaye ta wanda ya gano ba.

Bayan sallar Juma'a suka zauna a tabarma a tsakar gida. Ni ina can gefe na ba su rabin baya, ina tsince tafasa. Ta durƙusa ta gaishe su, ta karanta layukan biyu, ta yi bayani da gorubar da tsamiyar. Babanku ya saurara yana shafa gemu. Baffa Sule, da yake ƙanin miji ne akwai wasa tsakaninmu, ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce yau kuma takardar matar yaya ce za ta yi mana shuka. Ya ce layi biyu kowa zai iya lanƙwasa su su faɗi abin da yake so. Ya karɓi littafin. Bai iya karanta boko ba, amma ya san lambobi saboda takardun sikeli. Ya yi ta buɗawa har ya kai wani shafi can baya da mu ba mu kai gare shi ba, ya ga lambobi uku a layi ɗaya, ya danne ta ƙarshe da babban yatsansa, ya miƙa mata ta karanta farkon. Iya ta auna babba ɗaya, ƙarama biyu.

“To, 'yar birni, kasko nawa ke ƙarƙashin yatsana? In kin faɗa daidai, na bi. In kin kuskure, gobe a raba.”

Yarinya ta daskare. Lissafin da ta yi wanda ya fi shi wuya jiya, yau ya gudu, idon baffanta a kanta, gida duka a wuyanta. Na ga leɓenta yana motsi babu abin da ke fita. Ban juyo ba. Na miƙa hannu ta baya na tura mata faifan da ke kusa da ni, na ce, ba da ƙarfi ba,

“Ke, ba wa kowa abincinsa.”

Ta ɗauki goruba ɗaya ta ajiye mata tsakuwa biyar. Ta ɗauki tsamiya biyu ta ba su biyu-biyu. Ta ɗago kai ta ce tara. Baffa Sule ya ɗaga yatsansa. Ya daɗe yana kallon wurin, ya juya littafin ya nuna wa yayansa. Daga nan bai dubi yarinyar ba, ni ya duba, ni kuma ina ta tsintar tafasa kamar an biya ni. Babanku ya ce a auna hamsin da shida a rufe, ashirin da huɗu su tafi Ajingi ran kasuwa. Maganar raba ba ta sake tashi ba.

Kada ku ɗauka a nan aka yi ta murna. Abin da hamsin da shida ta ci mana, abincin kusan mako biyu ne a shekarar da ake lissafa loma. Babanku ya ce tunda ɗakin Iya ba kowa, iri ya zauna a ɗakina. Na zuba a randa na liƙe bakin da laka. Yara suna jin ƙanshin. Garba, kana da shekara huɗu, na same ka kana ƙwaƙule lakar da tsinke, na buge maka hannu, shi ne dukan da na taɓa yi maka, kuma na fi ka kuka a bayan ɗaki. Binta, nonona ya ƙafe, na yaye ki ba ki kai lokaci ba, shi ya sa har kika girma nake tura miki ƙarin nama kina mamaki. Baffa Sule ya tafi birni ga-ruwa don ya rage baki ɗaya a gida. Asabe ta daina amsa gaisuwata, in ɗanta ya yi kuka sai ta ce ya je ya ci takarda. Ban ga laifinta ba. Ni ma in na kwanta ina kallon randar nan sai in ce, in fa rannan na ƙirga kasko ba daidai ba? In fa wani abu na rubuta don layi ya cika? Ba wanda zan tambaya. Yayarku ta koma makaranta, sai ni da randa.

Ruwa ya sauka, aka jira na biyu don kada a yi asarar iri. Baffa Sule ya dawo, kafaɗunsa duk kanta. Na fasa lakar. Kullum da sassafe in auna musu na ranar a jaka, yadda Iya ke yi, su tafi. Ran farko, ran biyu, ran uku, randa tana sauka, ni kuma ban ganin gona, ban san ko ita ma tana ƙarewa ba. Ran na huɗu na juye musu ƙarshenta, har na kife randar na bubbuga gindinta. Na wuni ban iya zama ba. La'asar sakaliya na ji sallamarsu. Babanku ya wuce wurin buta, amma na ga murmushi a bakinsa. Baffa Sule ya zo har bakin murhu, ƙafafunsa duk laka, ya zazzage jakar a kan faifaina. Ƙwayoyi suka zubo, ba su cika tafin hannu ba.

“Matar yaya, mun kai gindin tsamiya, layin ƙarshe. Ga abin da ya ragu. A rubuta wa gwamna.”

Asabe tana jin sa daga ƙofar ɗakinta. Na soya 'yan ƙwayoyin a kasko na raba wa yara, nata da nawa, uku-uku. Da magariba ta aiko mini da gishiri ban roƙa ba.

Gyaɗar shekarar ta yi, ba irin ta da ba, amma ta fitar da mu, har maƙwabta biyu suka samu iri a wurinmu. Labari ya zaga cewa 'yar makaranta ce ta yi, na bar shi haka, don daga shekarar mata suka rage yi mini jaje, har wasu suka bar nasu 'ya'yan suka tafi. Yayarku ta haye darasin nan, kun san inda ya kai ta. Shekara talatin da wani abu tana koyar da lissafi, an ce mini har ta yi ritaya ba ta fara wannan babi sai da goruba da tsamiya a kan tebur. Rabonta na labarin nata ne, ita ta durƙusa a gaban baffanta, ita ta ce tara. Nawa rabon shi ne wanda na faɗa muku yanzu, kuma ba zan ɓoye ba, ina jin daɗinsa. Ajin shekara biyu na yi, a tabarma, da goyo a bayana.

Bayan kaka Baffa Sule ya dawo daga kasuwar Ajingi da ƙore biyu sababbi, ya ajiye a ƙofar ɗakina ya ce gida ba ya zama babu mai awo. Sai da na gwada su da mudu, na sa aka rage bakin babbar har ta tsaya a biyar, ƙaramar a biyu. Sannan na sa tsinken ƙarfe a wuta ya yi ja, na rubuta wa kowace lambarta a gindi da hannuna. Suna nan a kan adakata. Ranar da za ku zo rabon kayana, kafin ku ce ai ƙwarya ce, ku kife ta ku duba.